Sa'ad Da Motar Ƙungiya Ta Ƙi Tashi: Darasi A Kan Batir

Darasinmu na wannan karo domin ƙungiyoyin da su ke da mota ne, musamman tsofaffin akori-kuran nan ƙirar Peugeot 404 da 504, waɗanda mu ke kira Fijo. Muna roƙo a karanta shi a taron ƙungiya, direba yana zaune, ma'aji kuma yana zaune, gama maganar ta shafi su biyun. In da hali, a yi karatun a gindin motar, a buɗe bonet, kowa ya ga abin da a ke faɗi da idonsa.

Waɗannan motoci sun daɗe tare da mu. A shekarar 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta soma harhaɗa mota, ta kuma ci gaba da fid da 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yinta a Faransa. Abin da ya sa har yanzu a ke ganinsu a hanyoyin yashi na Baure da Zango da Sandamu, ɗauke da gero da wake da taki, shi ne ba su da wuyar sha'ani. Babu kwamfuta a cikinsu. Mutum mai sifana da filaya da natsuwa yana iya gane yawancin ciwonsu, kayan gyara kuwa in ba a samu a Daura ba, a kan nema a Katsina ko a Ƙofar Ruwa a Kano.

Amma ga abin da ya kan faru. Ranar kasuwar Mai'adua ce, an yi lodi tun da asuba, direba ya murɗa makulli, mota ta ce ƙas, ta yi shiru. Nan take kowa sai ya ce, "Batir ya mutu." A kira ma'aji, a fasa asusu, a sayo sabo da kuɗin da ya kan kai na buhun hatsi ko fiye. Bayan sati uku sabon ma ya kwanta. Sai zargi ya tashi: waɗansu su ce direba ya ci kuɗi ya sayo jabu, waɗansu su ce mai shago ne macuci. Zumunci ya soma tsami a kan abin da fambel mai sako-sako ya jawo. Mu tuna kuma, a ƙauyukanmu da dama motar ƙungiya ita ce motar asibiti. In haihuwa ta zo wa mace da gardama da tsakar dare, ba lokacin koyon wannan darasi ba ne.

Abin da mu ke so mu koya shi ne, sau da yawa batir ba shi ne mai laifi ba, shi a ka yi wa laifi. Wajibi ne a bincika tukuna, bi da bi, kafin a taɓa kuɗin jama'a.

Abin da ke cikin akwatin

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙago irin wannan batir a shekarar 1859, har yau kuwa tushen aikinsa bai sake ba. A cikin akwatin akwai ɗaki 6. A kowane ɗaki akwai farantan dalma a tsome cikin ruwan asid. Kowane ɗaki yana ba da wuta bolt 2 da ɗan ɗoriya, shi ya sa batir mai lafiya da ya cika ya kan nuna bolt 12.6, ko da ya ke muna ce masa mai bolt 12.

Mu ɗauki batir kamar randa. Randa ba ta haifar ruwa, abin da a ka zuba mata shi ta ke ajiyewa. Mai zubawa shi ne altaneta, ko kuwa dainamo a motocin da su ka fi tsufa, fambel ne kuma ke juya shi sa'ad da inji ke aiki. Mai ɗiba da babban ƙoƙo shi ne kik, watau na'urar da ke juya inji in an murɗa makulli. Kik ya kan ja wuta amfiya 100 ko fiye a cikin ɗan lokacin nan, alhali fitilun gaba biyu ba su kai amfiya 10 ba. Saboda haka kada kowa ya ce, "Ai hon yana ƙara, rediyo yana yi, batir lafiya lau." Ruwan da ya isa wanke hannu bai isa shayar da sa ba.

In randa ta wayi gari babu ruwa, ko ba a zuba ba ne, ko wani ya kwashe da dare, ko kuwa ta tsage. A cikin ukun nan, na ƙarshe kaɗai ke bukatar sabuwar randa.

A saurara, a kuma dubi fitila

Gwajin fari ba ya cin ko kwabo. A sa giya a furi, a ja birkin hannu, a kunna fitilun gaba, mutum ɗaya ya tsaya a gefe inda zai ga haskensu, direba ya murɗa makulli. Kowa ya yi shiru a ji abin da motar za ta ce.

In fitilu sun mutu ɗungum da an murɗa, sa'an nan su ka dawo da an saki, a fara zargin kan batir, watau wurin da manyan wayoyi biyu su ka kama shi. A nan ne ciwo ya fi yawa, a nan ne kuma gyara ya fi araha. A kama kowane kai a gwada juya shi da hannu. In ya juya, ya yi sako-sako ke nan. A duba ko akwai farin gari ko kore-kore da ya taru a kai. A taɓa kawunan bayan an murɗa makulli: wanda ya ɗauki zafi, a nan wuta ke maƙalewa. Mun sha ganin an buga ƙusa ko an cusa guntun gwangwani a tsakanin kai da maɗaurinsa don ya kama. Wannan dabarar fita daji ce, ta kai mutum gida, amma in an bar ta ta zama ta kullum, wata rana za ta bar ku a hanyar Kongolam da kaya.

Ga yadda a ke wankewa. A kashe makulli. A kwance kai mai alamar ragi (-) tukuna, sa'an nan mai alamar tarawa (+). In an zo mayarwa, mai tarawa ne farko, mai ragi daga baya. Dalili kuwa, jikin motar duka a haɗe ya ke da kan ragi. In kun soma da mai tarawa, sifana ta taɓi ƙarfen mota, wuta za ta tashi har ta ƙone hannu. A jiƙa kanwa a ruwan ɗumi a wanke kawunan da ita, za ku ga tana kumfa, watau tana kashe asid ɗin. Amma a lura ƙwarai kada ruwan kanwa ya shiga cikin ɗakunan, gama zai kashe na ciki ma. A goge da samfefa har dalma ta yi haske, a ɗaure tam, kāna a shafa ɗan girisi ko basilin a bisa.

Kada a tsaya nan. A bi wayar ragi har inda a ka ɗaure ta a jikin mota, a kuma nemi wadda ta haɗa inji da jiki. A motar da ta shekara 40, tsatsa ta kan ci wurin, ko kuwa silin wayar su tsintsinke a cikin roba inda ido ba ya gani. Wuta tana bukatar hanyar komowa kamar yadda ta ke bukatar ta zuwa.

In kuwa fitilu sun dushe sun yi ja, inji yana juyawa da ƙyar kamar mai nishi, ko kuwa a na jin ƙas-ƙas-ƙas da sauri, to, wutar batir ta yi ƙasa. Wannan bai nuna ya mutu ba tukuna. Ya nuna randa ba ruwa, saura a san dalili.

Na uku, in fitilu sun tsaya da haskensu garau, inji kuwa ko motsi, to, a ƙyale batir, ba ruwansa. Wutar ba ta isa kik ba ne, ko ta isa shi ya ƙi aiki. A duba 'yar siririyar wayar da ta zo daga makulli zuwa solonayid, watau ɗan gwangwanin da ke goye a bayan kik, gama ta kan zame saboda girgiza. In an ji ƙas guda ɗaya mai ƙarfi, wani ya ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da ƙotar guduma yayin da direba ke murɗawa. In ta tashi da haka, 'yan gawayin da ke cikin kik sun cinye. A kai wa mai gyaran wayarin a cikin satin nan, kada a mai da duka ya zama makulli na biyu. Wani lokaci kuma haƙorin kik ne ya cije. A kashe makulli, a sa babbar giya, a saki birki, a jijjiga motar gaba da baya har a ji ya saki.

Mita ta fi gardama

Muna ba kowace ƙungiya mai mota shawara ta sayi 'yar mitar awon wuta, irin wadda masu gyaran rediyo da masu haɗa sola ke riƙewa. Kuɗinta kaɗan ne in an gwada da na batir, yaron da ya gama firamare kuma yana iya karanta ta. A juya ta zuwa awon bolt 20 na wutar batir, jan tsinke a kan tarawa, baƙi a kan ragi.

Da safe, kafin a ta da inji, batir cikakke zai nuna 12.6 ko kusa da haka. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. In ya sauka 12.0 ko ƙasa, kusan babu kome. In kuwa an yi masa caji sosai amma ya tsaya wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, wannan kam randa ta tsage. Sa'an nan a bar mitar a kai, a murɗa makulli. Batir mai ƙarfi ba zai faɗi ƙasa da 9.6 ba yayin da kik ke juyawa. In an cika shi jiya, yau ya zube zuwa 7 ko 6 da murɗawa ɗaya, kwanansa ya ƙare, ma'aji ya fito da kuɗi da zuciya ɗaya.

Awo na uku shi ne wanda a ka fi mantawa, shi ne kuwa ke ceton sabon batir. Bayan inji ya tashi, a ɗan taka totur, a sake dubawa. Ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. In mitar ta tsaya a 12 da wani abu, altaneta ba ya zubawa, ko batir goma a ka saya duk haka za su ƙare. In ta haura 15, yana zubawa fiye da kima, yana dafa batir. Alamarsa ruwa ya riƙa ƙonewa da sauri, akwatin ya yi zafi, a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitila su riƙa mutuwa. Ciwon yana ga na'urar da ke daidaita caji, sai a kai wa mai wayarin.

Kafin a zargi altaneta kansa, a kashe inji a danna fambel da babban yatsa a tsakiya. Kada ya lotsa fiye da santimita 1 ko ɗan fiye. In yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, ko yana kuka da safe, zamewa ya ke yi. Ɗaure shi aikin minti 10 ne.

Akwai wata al'ada da mu ke roƙo a bari. Waɗansu su kan cire kan batir inji yana aiki, wai in bai mutu ba caji yana yi. A zamanin dainamo an yi haka an kwana lafiya. Altaneta kuwa yana da 'yan ƙananan kaya a ciki waɗanda wannan wasa ke ƙonewa farat ɗaya. Haka nan masu ta da mota da batirin aro, su cire shi inji yana gudu su mayar da nasu. Garin ceton batir sai a rasa altaneta.

Masu batir mai marafai suna da wani gwaji kuma. Masu cajin batir a gari su kan ajiye wani bututun gilashi mai roba a kai, da a ke zuƙo ruwan kowane ɗaki a auna kaurinsa. Cikakken ɗaki ya kan nuna wajen 1.260. Abin lura shi ne ɗakunan shida su yi kusan daidai. In ɗaya ya gaza sauran da 0.050 ko fiye bayan caji, ko ruwansa ya fito baƙi-baƙi, wannan ɗaki ya tafi.

Masu kashe batir a ƙasar Daura

Direbobi su kan ce hunturu ne ke kashe batir, don a watan Disamba da Janairu mota ta fi ƙin tashi. Gaskiyar magana, zafin bazara ne ya kashe shi, sanyi tona asiri kawai ya yi. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke kaiwa awo 40 a inuwa, ku yi tunanin yadda ƙarƙashin bonet ya ke. Zafi yana ƙone ruwan batir, yana kuma cin farantan. Batirin ya lallaɓa ya wuce damina. Da sanyi ya zo, baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyi, shi kuma ƙarfinsa ya ragu, sai ya durƙusa. Don haka lokacin kula da batir shi ne bazara. A ajiye mota a inuwar bedi ko a rumfa, a duba ruwa kowane sati biyu.

Ruwan ya rufe farantan da misalin santimita 1, kada a cika har baki. Ruwa ne kaɗai ke ƙonewa, asid ɗin yana nan, saboda haka ba a ƙara asid, tataccen ruwan batir a ke ƙarawa. Ruwan rijiya ko na burtsatse, kome daɗinsa a baki, yana da gishiri-gishirin ƙasa da ke lalata faranti. Ruwan leda ma haka. In an rasa tatacce, a tari ruwan sama a tsakar fili cikin roba mai tsabta, bayan damina ta zauna ƙura ta kwanta, a ajiye a kwalba. Kada a ɗauki wanda ya gangaro daga rufin kwano. Batura da yawa na yanzu a rufe su ke zuwa, ba wurin ƙara ruwa. Irin waɗannan ba a ɓalle su, inuwa da caji mai kyau kaɗai za ku iya yi musu.

Na biyu shi ne zama. Motar ƙungiya ta kan yi aiki ba hutu da kaka, sa'an nan da damina kowa yana gona, a bar ta wata biyu ko uku ba a taɓa ba. Batir yana zubar da wutarsa da kansa ko ba a taɓa shi ba, a wurin zafi kuwa ya fi sauri. In ya zauna babu wuta, wani farin gishiri ya kan daskare a jikin farantan, in ya yi tauri caji ba ya narkar da shi. Batirin da a ka saya bara sai ya zama na yarwa ba tare da ya yi aikin kome ba. In mota za ta zauna fiye da sati biyu, a cire kan ragi. Kowane wata a kai shi caji, ko a yi tafiya mai ɗan nisa da motar. Ta da inji a bar shi yana gurnani minti 5 a tsakar gida ba ya isa ya cika batir. Wurin mai caji kuma a ce masa a hankali a ke so: batir mai amfiya 60 a ba shi wajen amfiya 6, ya kwana. Cajin gaggawa na sa'a ɗaya yana rage masa kwana.

Na uku, sai mun faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci, mu ne da kanmu. A cire batirin mota a kai majami'a don lasifika ranar Lahadi. A ɗauke shi don bikin aure, ko kallon ƙwallo, ko cajin wayoyin unguwa, a tatse shi sarai, a mayar da safe. An gina batirin mota don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan, a kuma mayar masa nan da nan. Tatsewa har ƙasa sau kaɗan ta isa ta raunana shi. Ba mu ce aikin majami'a ba shi da muhimmanci ba. Amma in ikkilisiya tana bukatar wuta, dattawa su yi shawarar ƙaramin faifan sola da batirinsa dabam. Kayan ƙungiya amana ce ta mutane da yawa, har da gwauruwar da ta ba da mudu biyu na gero.

Sauran ƙanana ne, amma suna kisa. Batirin da ba a ɗaure ba, yana tsalle a kan gargada, farantansa su kan zube. A ɗaure shi da maɗaurinsa na ƙarfe, kada da igiyar roba. Ƙurar hunturu in ta taru a bisansa ta sha laima, wuta ta kan bi ta cikinta tana tsiyaya daga kai zuwa kai, sai a riƙa gogewa. In kuma batir yana cika da yamma ya wayi gari fanko, akwai ɓarawo a cikin wayarin. A kashe kome, a rufe ƙofofi, a cire kan ragi, a haɗa ƙaramin ƙwan fitila tsakanin kan da wayarsa. In ya kama, wani abu yana shan wuta. A riƙa cire fis ɗaya ɗaya har ƙwan ya mutu. Yawanci rediyo ne ko abin cajin waya da wani ya ɗaura kai tsaye ba ta hanyar makulli ba.

Inji yana juyawa, amma bai kama ba

In kik yana juya inji da ƙarfi kamar kullum, batir ya gama nasa aiki. Kada a yi ta murɗawa har a kashe shi a banza. Daƙiƙa 10 ta isa, a huta rabin minti. In an yi sau uku ba ta kama ba, a sauka a duba abu biyu, wuta da mai.

A zare babbar wayar tsakiya daga kan distiributa, a riƙe ta da filaya mai roba a hannu, a kusantar da bakinta ga ƙarfen inji da misalin rabin santimita, nesa da kafireto, wani ya murɗa. In tartsatsi shuɗi ya yi tsalle, kwayil da kwantak suna aiki, sai a dubi murfin distiributa ko ya tsage ko ya yi laima, da fulogi. In babu tartsatsi, ko ja ne mai rauni, a buɗe murfin a dubi kwantak. Bakinsa ya kan ƙone, ko tazararsa ta rufe. Tazarar da a ke so a waɗannan injuna ita ce milimita 0.4. Direba mai hankali ba ya fita ba tare da kwantak da kwandansa na ajiya a aljihun mota ba.

Wajen mai kuwa, a fara da abin kunya: akwai fetur a tanki? Allurar tsohuwar mota ba abar dogara ba ce. In akwai, a cire tiyon da ya shiga kafireto, a sa bakinsa a kwalba, a murɗa kaɗan a ga ko famfo yana turowa. Man galan na bakin hanya ya kan zo da ruwa ko datti, ya toshe matata. In kuwa a na jin warin fetur ƙwarai, mota ta sha mai ke nan. A mayar da cok, a taka totur har ƙasa a riƙe, a murɗa. Kada a tsiyaya fetur a bakin kafireto wani yana murɗa makulli, gama wuta ta kan yi baya ta kama fuska da riga.

Masu tantan da sauran injunan gas, duk abin da mu ka faɗa a kan batir da kik ya shafe ku. Maganar fulogi da kwantak ce ba taku ba.

Turi da aron wuta

In dole ta sa, turi ba laifi. A buɗe makulli, a sa giya ta biyu, a taka kuloci, in mota ta ɗauki gudu a saki. Amma sai batir yana da ɗan saura, gama kwayil yana bukatar wuta kafin ya ba da tartsatsi. In ko fitilar dashbod ba ta kamawa, kada a wahalar da matasa a cikin yashi. A kuma kori yara daga gaban mota da gefenta.

In za a ara daga wata mota, a nemi wayoyi masu kauri, motocin biyu kada su taɓa juna. Tarawa da tarawa tukuna. Sa'an nan ragin mai lafiya, ɗaya bakin kuma a maƙala shi a ƙarfen injin marar lafiya, nesa da batir. Dalili shi ne batir yana fid da wata iska mai kama wuta, musamman lokacin caji. Tartsatsi ɗaya, ko taba, ko ashanar da a ka ƙyasta don a leƙa ruwa da dare, yana iya fasa akwatin ya watsa asid a ido. Saboda wannan ne kuma mu ke hana gwajin nan na gitta waya ko sifana a kan kawuna biyu a ga ko zai yi tartsatsi. In asid ya taɓa ido ko fata, a yi ta zuba ruwa mai yawa har minti 15 ko fiye, kāna a tafi asibiti. A lura kuma, manyan motoci da dama bolt 24 su ke amfani da shi, ba a ara daga gare su.

Tsohon batir

In gwaji ya tabbatar batir ya mutu, a sayi mai girman wanda motar ke ɗauka, a auna shi da mita a gaban mai shago, a karɓi rasit mai kwanan wata. Wanda ya daɗe a kanta ya nuna ƙasa da 12.4, a nemi wani.

Tsohon kuwa a miƙa shi ga mai shago ko masu saye yadda ya ke, a rage kuɗi. Kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko inda dabbobi ke kiwo, kada a narka dalmar. Dalma guba ce, yara ƙanana ta fi yi wa ɓarna, tana taɓa ƙwaƙwalwa ba a sani ba. A Thiaroye, a gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal, yara 18 su ka mutu tsakanin 2007 da 2008 a unguwar da a ke fasa tsofaffin batura a na tace ƙasar wurin don neman dalma. A nan gida kuma, a shekarar 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Ta can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce da wadda ke cikin akwatin nan. Zumuntar mata su taimaka da wannan magana a gidaje, gama su ne ke ganin abin da yara ke wasa da shi.

Kafin taro na gaba, kowace ƙungiya ta sayi ɗan littafi ta ajiye a aljihun mota. A shafin fari a rubuta ranar da a ka sayi batirin da ke kai yanzu. A zaɓi mutum ɗaya, ba direba ba, wanda zai tsaya tare da direba ranar Asabar ta farkon kowane wata su yi awo ukun nan, kafin a tayar, lokacin murɗawa, da bayan inji ya tashi, su rubuta lambobin, su duba ruwa da fambel da kawuna, su biyun su sa hannu. Sakatare ya zo da littafin wurin taro.